Daga Zaure Zuwa Falo: Tarihin Rabon Ɗakuna a Gidajen Jere na Ƙasar Kazaure

A sababbin unguwannin Kazaure da Babura, har ma da garuruwan Roni da Gwiwa, ana ƙara ganin wani irin gini: gidaje huɗu ko shida a layi guda, bango ɗaya ya raba kowane da maƙwabcinsa, ƙofa a gaba, ɗan fili a baya. Masu shigarsu akasari sababbin ma'aurata ne, malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da amaryarsa. Abin da suka fara tambaya shi ne, ɗaki nawa ne? Maginan dā kuwa da wata tambaya suke soma aiki: idan baƙo ya yi sallama, a ina zai tsaya, kuma wa idonsa zai iya gani?

Tun lokacin da Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a wajajen 1819, gidan sarki da na talaka tsari ɗaya suke bi, girma da ado ne suka bambanta su. Zaure ne farko. Nan maigida yake karɓar baƙi, nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, nan almajirai suke karatu, nan maɗinki ko masaƙi yake sana'arsa. Ƙofar shiga zaure da ta fita ba sa kallon juna, don kada mai wucewa ya hango ciki. Bayan zaure akwai filin ƙofar gida, inda ɗakin samari da na baƙi suke, sai shigifa, wadda ba ta ƙetaruwa sai ga makusanta. Daga nan ne ake shiga cikin gida: ɗakin kowace mace, turakar maigida, madafi, rumbu, da makewayi can a kusurwa. Kowace ƙofa da irin mutanen da take tsayarwa. Addini ya ƙara wa tsarin ƙarfi, domin Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, ta kuma ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu: kafin asuba, da tsakar rana, da bayan isha'i.

Kayan gini su ma sun sa baki. Da tubali ake tayar da bango, da azara ake rufi, ita kuwa azarar giginya ba ta jure nauyin ƙasa idan tazara ta yi faɗi. Shi ya sa ɗakuna suke ƙanana, sai fa inda gwanin magini ya ɗaure bakan gizo. A ƙauyuka kuma ɗakin ciyawa da dangar kara sun wadatar. Ƙanƙantar ɗaki ba ta dami kowa ba, tunda kwana da ajiya kaɗai ake yi a ciki. Daka da girki da wanki da kitso da reno duk a tsakar gida ake yin su, da bazara ma a nan ake shimfiɗa tabarma a kwana. Sannan gidan yana tafiya da iyali. Ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe. An ƙara mata, a tayar da ɗaki. Tsohuwa ta rasu, sau da yawa a bar ɗakinta damina ta kwantar da shi, a sake kwaɓa ƙasar a yi wani. Friedrich Schwerdtfeger, a littafinsa na 1982 kan gidajen Zariya da Ibadan da Marrakesh, ya nuna yadda yawan ɗakuna yake hawa da sauka tare da yawan mutanen gida.

Gidan jere daga wata duniya ya fito. A Ingila ta ƙarni na 19, masana'antun Manchesta da Lids sun tara ma'aikata, filin gini ya yi tsada, sai aka riƙa jera gidaje ƙuntatattu don a ci riba a kowace ƙafa ta bakin titi. Mafi muninsu su ne masu haɗa baya da baya, waɗanda iska ba ta ratsa su. Dokar lafiyar jama'a ta 1875 ta ba hukumomin gari ikon tsara faɗin titi da fili a bayan gida, dokar 1909 kuma ta hana gina masu haɗa baya. Tun kafin nan, a baje kolin Landan na 1851, mai zanen gini Henry Roberts ya nuna gidan ma'aikaci mai ɗakin kwana uku: na iyaye, na 'ya'ya maza, na 'ya'ya mata. Turawan ma suna da ɗakin gaba da ake keɓewa don baƙi, kicin da makewayi a baya. Bambancin shi ne gidansu a kammale ake miƙa shi, bangon dama da na hagu na maƙwabta ne, babu inda zai faɗaɗa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, wannan fasali ya shigo ta barikin soja da na 'yan sanda, ya ƙara yaɗuwa da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka gina wa ma'aikata ɗakuna a jere. Daga nan aka sami ciki da falo na gidajen haya. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun yawaita siminti da bulo da kwano, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya zama ma'aunin da kowa ya sani. Gwamnatin Shehu Shagari, wadda ta hau a 1979, ta ɗauki alkawarin gidaje 40,000 a shekara, 2,000 a kowace jiha, yawancinsu masu ɗaki ɗaya da aka bar wa mai shiga ya ƙara da kansa. Ba a kai ko kusa da adadin ba, amma sunan Shagari Kwatas da Lokos ya zauna a garuruwan Arewa. Lokacin Kazaure tana cikin Jihar Kano. Ƙirƙirar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, da jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021, duk sun kawo ma'aikata masu neman haya. Mai fuloti ɗaya ya gane cewa idan ya jera gidaje, bango ɗaya zai yi masa aikin biyu.

Abin da mazauna irin waɗannan kwatas suka yi bayan sun tare ya nuna abin da zanen ya rasa. Sun zagaye gaba da katanga, sun toshe baranda ta zama soro, sun kafa rumfar girki a baya, domin turmi da murhu ba sa shiga kicin ɗin da aka auna wa risho. Dalili shi ne an ɗora wa falo aikin zaure da na tsakar gida a lokaci guda. Idan abokan maigida suka zo kallon ƙwallo, uwargida ta makale a uwar ɗaki, ko ruwa ba ta iya ɗebowa sai ta ratsa su. Falon da aka ce na iyali ne ya koma na baƙi, matar gida ta rasa filin da kakarta take da shi a gidan ƙasa.

Duk da haka, gidan jere ya fi kusa da tsarin Bahaushe fiye da yadda ake zato. Shi ma dogo ne, daga titi yake nutsawa ciki, don haka ana iya jera ɗakunansa gwargwadon kusanci. Ƙofar waje kada ta fuskanci ta ciki. Ƙaramin ɗakin baƙi a gaba, da banɗakinsa, ya ishi aikin zaure. Lungu siriri daga ƙofa zuwa baya yana ba mata hanyar da ba ta bi ta gaban baƙi. Kicin ya jingina da filin baya, yadda mai girki za ta riƙa ganin yara. Tunda taga sai a gaba da baya, a daidaita su iska ta ratsa, domin a watan Afrilu zafi a wannan yanki yana haura digiri 40. Kada a manna ɗakin ma'aurata da falon maƙwabci, bulo ba ya riƙe murya kamar katangar ƙasa. Banɗaki ya kauce wa alƙibla, wadda daga nan take gabas da ɗan karkata arewa. Kafin 'yan jere su zo, a auna ɗakin amarya, don gado da kujerun yanzu sun sha toshe taga ɗaya tilo.

Lissafi mafi wuya shi ne na shekara goma masu zuwa. Hadisi ya yi umarni da raba wa yara makwanci idan sun kai goma, ga ƙanwar amarya da za ta zo taya zama, ga uwar miji da za ta zo ganin likita ta kwana biyu. Ɗaki biyu da falo da ya wadaci ango da amarya ba zai ɗauki wannan ba. A lokacin ne ake rufe filin baya a yi ɗaki, gida ya rasa haske da iska da wurin shanya, ruwan damina ya rasa mafita. Iyalin da suka san haka tun ranar farko za su ware ɗakin gaba ya zama na samari idan sun taso, kamar yadda ake yi a ƙofar gida, ko su zuba harsashin da zai ɗauki bene idan gidan nasu ne, su bar tsakar gida a buɗe.