Baƙin Cikin da Ba a Faɗa: Nazari a kan Samarin Gure

Duk wanda ya tashi daga Damagaram ya bi kwalta ya nufi gabas wajen Difa, bayan tafiyar kilomita kimanin 170 zai iske Gure, tsohon mazaunin sarakunan Muniyo, inda tuddan rairayi suke ta matsowa kan gonakin gero da kwaruruwan dabino da kanwa shekara bayan shekara. Ƙasar da amfanin gonarta ba ya kai iyali ga wata damina kuwa, lalle ne samarinta su fita biɗa, har ma tun bayan farin 1973 da na 1984 tafiya cin rani zuwa Nijeriya da Libiya ta zama mizanin da ake auna mazantakar yaro da shi. Da mulkin Gaddafi ya rushe a 2011, jama'a masu yawa suka komo gida hannu rabbana, alhali kuwa kuɗin motar da ta kai su, sau da yawa, tunkiyar uwa ce aka sayar ko bashi aka ci.

Abin da nake da'awa a nan shi ne, mun iya gane mutum biyu kaɗai, mai lafiya da mahaukacin da ya yar da tufafinsa, amma babban filin da ke tsakaninsu, inda galibin masu wahala suke, mun kau da kai daga gare shi. Dubi saurayin da ya dawo ba ko anini: yana zaune a fada, wato majalisar samari, tare da tsararrakinsa, ana zuba shayi daga na fari har na uku bai ce uffan ba, barci ya ƙaurace masa, tuwo ya fita ransa, kunya ta hana shi haɗa ido da mahaifinsa; in ya yi shiru a ce tunani ne ya yi masa yawa, in ya fusata a ce iska ce ko sammu, in kuwa ya fara sayen tiramol wurin masu tallar magani don ya sami sa'ida, sai a ce ya lalace, a rufe babinsa.

Mai yiwuwa wani ya ce ai maganin mumini haƙuri ne da tawakkali, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai haƙurin da shari'a ta yaba bai taɓa nufin mutum ya haɗiye cutarsa har ta halaka shi ba. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba a kuwa ƙidaya masa wannan a raunin imani ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe a cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, wanda nasiha da lallashi ke sauƙaƙawa, da wanda ke auka wa mutum ba da wani dalili bayyananne ba, wanda ya danganta shi ga jiki, ya ce yana bukatar magani. Abin takaici ne ƙwarai a ce fiye da shekara dubu bayansa muna kiran duka biyun ragwanci.

Tun da yake ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, akasarinsu kuma suna Yamai, ba hankali ba ne a jira su zo Gure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani shiri a 2008 don a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane irin waɗannan cututtuka, su kuma yi musu magani. Amma a ganina ƙofar farko tana zauren malami, domin can uwa take fara kai ɗanta. Wajibi ne malamin da ke ba da rubutu da tofi ya zauna ya tambayi yaron yaushe rabonsa da barci, me yake sha, ko ya taɓa tunanin halaka kansa; in amsar ta tsananta, ya sa a kai shi asibiti a ranar, ba tare da ya yanke masa addu'a ba.