Gandun dajin Gashaka Gumti

Gashaka Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, kuma a cikinsa ne tsauni mafi tsawo a ƙasar yake.

Gandun dajin yana tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, a kan iyaka da Kamaru, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000.

Ga mutumin da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi kamar masarautar Daura, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, wannan wata duniya ce dabam: duwatsu masu hazo, da kurmi mai duhu, da ƙoramun da ba sa ƙafewa ko da rani.

Tarihi

Yankin ya taɓa zama ƙarƙashin mulkin mallakar Jamus, a matsayin wani ɓangare na Kamaru. Har yanzu akwai kufan sansanin Jamusawa a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka.

Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Birtaniya, sa'an nan ya shigo Najeriya a 1961 bayan ƙuri'ar raba gardama.

A 1991 ne gwamnatin tarayya ta haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti ta mai da su gandun daji guda. Hedkwatarsa tana garin Serti.

Tsaunuka da namun daji

Ɓangaren arewa, wato Gumti, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren kudu kuwa, wato Gashaka, tsaunuka ne da kwazazzabai.

A nan ne tsaunin Chappal Waddi yake, wanda kuma ake kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419.

Ruwan da ke gangarowa daga waɗannan tsaunuka yana shiga kogin Taraba, wanda shi kuma yake zuba a kogin Binuwai. Don haka kare dajin ya shafi manoma da masunta da dama waɗanda ba su taɓa ganin sa ba.

Daga cikin namun dajin akwai ɓauna, da damisa, da dorina, da kada, da gwanki, da birai iri-iri. An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 500.

Sai dai abin da ya fi jawo masu bincike shi ne birin cimfanzi, nau'in da ba a samun sa sai a Najeriya da Kamaru, wanda kuma ke fuskantar barazanar ƙarewa. A shekara ta 2000 masana daga wata jami'a ta London suka fara nazarin halayyarsa a sansanin Kwano.

Ziyara

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna kan cika, hanyoyi su yanke.

Matafiyi daga Daura zai bi ta Kano da Gombe zuwa Jalingo, daga nan ya bi ta Bali ya isa Serti. Tafiya ce ta kimanin kwana biyu a mota.

Ba a shiga dajin sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikacin gandun daji. Hawan Chappal Waddi yakan ɗauki kwanaki a ƙafa, tare da ɗan jagora da 'yan dako, kuma da yawa daga masu hawan kan bi ta tsaunin Mambila.

Ana bukatar takalmi mai ƙwari, da guzuri, da rigar sanyi, domin dare a kan tsaunin yana da tsananin sanyi. Wajibi ne kuma a tuntuɓi ofishin Serti game da yanayin tsaro kafin a kama hanya.

Matsaloli

Akwai Fulani makiyaya da manoma da doka ta amince su zauna a wasu keɓaɓɓun wurare a cikin gandun.

Amma farauta ba bisa ƙa'ida ba, da saran itacen madobiya, da haƙar ma'adinai, da kwararar shanu daga waje sun yi wa dajin illa, har wasu ma'aikata sun rasa rayukansu a bakin aiki.

A 2017 hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors, domin horar da masu gadi da tallafa wa ƙauyukan da ke kewaye.

A 2020 kuma shugaba Muhammadu Buhari ya amince da kafa ƙarin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da dajin Kogo a jihar Katsina da na Falgore a jihar Kano.