Labari a Tarbiyyar Masu Mulki: Waiwaye Daga Zamanin Rumfa Zuwa Kwalejin Katsina

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ake rubuta wa masu mulkin ƙasar Hausa nasiha. Shehu Maghili ya rubuta masa littafi mai babi 8, inda ya yi ta jan kunne a kan illar sarki ya shige turaka ya nisanci talakawansa. Malaman jihadi sun bi wannan sawu: Abdullahi ɗan Fodiyo da *Diya'ul Hukkami*, Muhammadu Bello da *Usulus Siyasa*. Waɗannan littattafai ƙa'idoji suka shimfiɗa. Sai dai sanin ƙa'ida daban, iya sanya kai a matsayin wanda hukunci zai faɗa wa daban, kuma wannan na biyun shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa.

A nan ne labari ya shigo. Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗalibin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ya rubuta *Shaihu Umar* domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Bai tsaya yana wa'azi a kan bauta ba. Ya ɗauki mai karatu ya sa shi cikin rigar yaron da aka sace, aka ƙetare hamada da shi, mahaifiyarsa ta bi sawu ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Wanda ya rubuta wannan shi ne ya zama Firayim Minista a 1957.

Abubakar Imam, shi ma ɗan makarantar Katsina, ya fito da hanyar koyarwar a fili cikin *Magana Jari Ce*, wanda aka fara bugawa a 1937. A littafi na uku, Waziri Aku yana horar da ɗansa aikin fada ta hanyar ba shi labari, sa'annan ya nemi ya ciro abin da ke ciki da kansa.

A ganina, inda manhajarmu ta yi sakaci shi ne ta mayar da waɗannan littattafai rumbun karin magana da jigo da salo kawai. Ɗalibin da ake shiryawa domin shugabanci bai cika haɗuwa da su ba ma. Da za a sa shi ya sake ba da labarin Umar ta bakin mahaifiyar, sa'annan ta bakin fatake, sa'annan ya zauna a kujerar alƙali ya yanke hukunci, da ya gane nauyin abin da Maghili ya gargaɗi Rumfa a kai.