TACEWA

Tacewa (suna, mace, daga fi'ilin tace, kayan aikinta mataci). A istilahin masana kimiyya, hanya ce ta raba ruwa da daskararren abin da ya cuɗanya da shi bai narke ba, inda akan zuba gaurayen a kan ƙyalle, ko takarda, ko shimfiɗar yashi mai ƙananan kafofi, ruwan ya zarce ƙasa, tsakin ya tsaya a sama, kamar dai yadda mai koko take matse ƙullun gero a ƙyalle, gasara ta kwanta a gindin ƙwarya, dusa ta rage a hannunta.

Amma wajibi ne ɗalibi ya lura, domin nan ne galibi akan yi kuskure, cewa abin da ya riga ya narke irin wannan mataci ba shi da iko a kansa. Saboda haka ne masu gishiri a Dallol Foga, cikin ƙasar Nijar, bayan sun kwarara ruwa a kan ƙasa mai gishiri ya tsiyaye ya bar laka, ba su tsayawa nan, sai sun ɗora tsiyayen a wuta ruwan ya ƙone, sa'an nan gishirin ya bayyana.

Fa'idarta ga lafiya ba ƙarama ba ce, gama tace ruwan tafki da ƙyalle yana daga sabuban da suka kawar da kurkunu daga Nijeriya, kamar yadda aka tabbatar a 2013.

Duba: tankaɗe, shiƙa, bakace.