Rigar da ke faɗin garinsu

Daga nan Barnawa nake magana.

A Amurka, masu tara tsofaffin dogayen agogunan katako da sun ga sassaƙar, za su ce maka wannan na Filadelfiya ne, wancan na Boston. To mu ma muna da irin wannan ilimin, amma a babbar riga.

A 1851 Bature Heinrich Barth ya zo Kano, ya tarar tufafin da ake saƙawa a rina a can suna kai wa har Timbuktu da Tarabulus. Kowane gari da hannunsa. Kura ta yi suna da turkuɗi, a rina shi da baba, a buga har ya riƙa ƙyalli, Buzaye su saya. Nufawan Bida kuwa sun shahara da aikin allura, irin su aska biyu da aska takwas. Ga saƙi mai zanen zabuwa, ga tsamiya mai zaren siliki na daji. Riga ɗaya sai ta ci watanni.

Daga baya inji ya shigo. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, nan kusa da mu. Yadi ya yi araha, masaƙan hannu suka ja baya. Ita ma masaƙar ta rufe a 2002.

Don haka in akwai tsohuwar rigar kaka a akwatin gidanku, don Allah kar a bayar da ita gwanjo. Ku tambayi dattawa aikin wane gari ne, ku rubuta, tun masu gane hannun suna raye.