Jagoran da Ba Mu San Sunansa Ba

A wani shirin safe da na gabatar, baƙona wani matashi ne da ya dawo daga Tanzaniya, inda ya hau Dutsen Kilimanjaro. Kwana bakwai suka yi tsakanin hawa da sauka. Na zaci zai cika mana kunne da labarin ƙanƙarar da ke kan dutsen nan mai tsawon mita 5,895, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Afirka. Sai ga shi rabin hirar a kan jagoransu ta ƙare: yadda yake hana su sauri, yadda yake bin tantuna da dare yana tambayar wa ke ciwon kai, da yadda ya mayar da wani Bature ƙasa ana saura kwana ɗaya a kai ƙololuwa, saboda numfashinsa ya fara sarƙewa. Dokar wurin ma ba ta yarda mutum ya hau ba tare da jagora mai lasisi ba. Da muka rufe shirin sai na zauna ina tuna kakata, Allah ya jiƙanta, domin ita ma ta taɓa hawan dutse a bayan jagora.

Ni haifaffen wani ƙauyen Hausawa ne a Sudan, kudu da Sinnar, a bakin kogin da Larabawa ke kira Bahar Azraƙ, wato Shuɗin Nilu. Duk wanda ka tambaya a ƙauyukanmu yadda aka yi kakanninsa suka zo, amsar ɗaya ce: da ƙafa. Tun ƙarnoni da suka wuce maniyyata daga ƙasar Hausa da Borno suke bin hanyar gabas, ta Wadai, su shiga Darfur, su ratsa Kordofan, su haye Nilu, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Daga Kano zuwa can ya haura kilomita 3,000. Wani ya yi ta cikin shekara guda, wani shekara goma, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago don ya tara guzurin gaba.

Hanyar ta ƙara cika bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, har aka yi yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903, inda ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar, suka ci gaba da tafiya har suka sauka a garin Shehu Ɗalha, sannan wajen 1906 suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wannan tarihi kowa ya san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ake yin tafiyar kanta.

Ba a fita irin wannan tafiya kai kaɗai, sai cikin ayari. Madugu ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi, shi ke shiga gaban sarakuna ya biya kuɗin wucewa. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da rijiya da wurin zango. Akwai malamin da ke jan salla da roƙon sa'a. Jakuna na ɗauke da garin gero, da tsamiya, da salkunan ruwa, tsofaffi da ƙananan yara a bisa kaya. Amma sanin madugu yana da iyaka. Idan aka shiga ƙasar da bai taɓa takawa ba, ko aka bar babbar hanya, dole ya nemi ɗan ƙasa ya shige gaba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A can ɗan ƙasa ne idonka.

A tsakiyar Darfur hanyar take cin karo da Dutsen Marra. Tsohon dutse ne mai aman wuta, ƙololuwarsa ta kai mita 3,042, kuma a samansa akwai wani ƙaton kwari da ake kira Dariba, mai tafkuna biyu a ciki, ɗaya faffaɗa mai ruwan gishiri, ɗaya ƙarami mai zurfi. Mutanen Fur ne mazauna dutsen. Sun yanka gangarensa hawa-hawa, sun tokare kowane hawa da duwatsu, suna noman gero da alkama da albasa, ga lemo da mangwaro, alhali ƙasan dutsen rana na dukan ƙasa kamar ta tsage. Daga nan daular Fur ta taso, a Turra da ke cikin dutsen aka binne sarakunansu da dama, kuma nan Sarki Ali Dinar ya fake a 1916 bayan Ingilishi sun kama Fashir, kafin su kashe shi a watan Nuwamba na shekarar. Ayarin alhazai kan kewaye dutsen ne, ko ta arewa a bi Kabkabiya zuwa Fashir, ko ta kudu a bi Zalinje zuwa Nyala. Mai jaki da yara ba shi da abin nema a ƙololuwa.

Kakata tana yarinya suka baro ƙasar Katsina, lokacin yaƙin Hitila. Yadda ta sha ba mu labari, sun sauka a gindin dutsen hatsinsu ya ƙare, kasuwannin ƙasa kuma sun yi tsada, ga ƙaninta kwance da zazzaɓi. Madugu ya ji cewa akwai hatsi a ƙauyukan sama, sai ya nemo wani mutumin Fur, ya haɗa shi da mutum goma sha wani abu da jakuna, har da mahaifiyar kakata goye da yaron, don an ce mata iskar sama da ruwanta za su yi masa magani. Kwana uku suka yi suna hawa. Jagoran ba ya jin Hausa, su ba sa jin yarensa, Larabcin kowa kuma guntu-guntu ne. Da sanda yake magana: ya nuna inda za a taka, ya nuna ruwan da za a sha da wanda za a ƙyale. Idan samari suka wuce gaba, sai ya zauna a kan dutse ya ƙi motsi har sai mai goyo ta iso. Da dare sanyin da ba su taɓa ji ba ya sauko musu, ya shigar da mata da yara ɗakin wani ɗan'uwansa, shi ya kwana a waje wajen jakuna.

Yaron bai sauko ba. A dare na uku ya cika. Kakata ta ce jagoran ne ya kira mutanen ƙauyen, suka haƙa kabari a maƙabartarsu, suka yi masa salla tare, sannan ya sauko da su da hatsin da ya kai ayarin har Nyala. Na tambaye ta sunansa ba sau ɗaya ba. Ta ce ita dai da Baba suke kiransa.

Daga nan tafiyarsu ta yi sauƙi. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Ubayyid tun 1912, kuma tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 gonakin audugar Jazira suke neman hannu. Kamar dubban Hausawa irinsu, suka tsaya tsinkar auduga don su tara kuɗin jirgin ruwa. Shekara ta bi shekara, aka yi aure, aka haihu, zango ya zama gari. Sai da kakata ta tsufa ta ga Ka'aba, kuma a jirgin sama ta je.

Littattafai sun riƙe sunan Bajamushe Hans Meyer, wanda ya kai kan Kilimanjaro a 1889, amma mutanen ƙasar da suka ɗauki kayansa sai an tona kafin a ji labarinsu. Mu ma haka muka yi da namu tarihin. Mun riƙe sunayen sarakuna da malamai, mun manta da mutanen Masalit da Fur da Larabawan Baggara da suka nuna mana rijiya, suka sayar mana da hatsi, suka binne mana matattu.

Wannan mantuwa tana da tsada. A 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, ɗaruruwan mutane suka mutu, aka dinga jifan juna da kalmar baƙo da ɗan ƙasa. Sannan yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. 'Yan'uwana da dama suka fita da ƙafa cikin damina, suka nufi Gadarif, kuma kowannensu da na yi waya da shi sai ya ambaci wani mutumin da bai sani ba, wanda ya bi da su ta hanyar da babu shinge. Dutsen Marra kansa yau cike yake da masu gudun hijira.

Don haka duk wanda ya kira ni yana ba ni labarin yadda ya tsira, tambayar farko da nake masa ita ce sunan wanda ya shige musu gaba. In ya tuna, sai in rubuta. Ku ma da ke da tsoho a gida, ku tambaye shi tun yana iya amsawa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa Baba na Dutsen Marra da alheri, ya zaunar da Sudan lafiya.