Tarihin Sabuwar Waƙa da Hanyoyin da Ta Bi Zuwa Kunnen Jama'a a Ƙasar Hausa

A zamanin nan idan shekara ta ƙare, sai ka ji samari suna lissafin waƙoƙin da suka fito a cikinta, suna gardama a kan wadda ta fi daɗi da wadda ta fi yin tashe. Wannan lissafi kuwa, ko da ya ke an saba da shi har ana zaton tun fil azal haka a ke yi, baƙo ne a ƙasar Hausa. Kafin a iya cewa waƙa kaza ta fito a shekara kaza, sai ta zama abu guda tsayayye, mai farko da ƙarshe, wanda za a sake ji gobe daidai yadda aka ji shi jiya. Waƙar makaɗan dā kuwa ba haka ta ke ba. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun yadda ma'anar sabuwar waƙa ta yi ta sakewa, tun daga ƙofar fada har zuwa wayar hannu, a kuma duba abin da wannan sakewa ta jawo wa mai nazari.

Makaɗin fada, ko na kotso ne ko na taushi, yana da lokatan da aka san zai fito da aikinsa. Akwai sara ta daren Jumma'a, akwai naɗin sarauta, akwai kuma salla ƙarama da babba, waɗanda su ne manyan ranakunsa. Ba ya yiwuwa makaɗin da ya amsa sunansa ya tarbi ubangidansa ranar hawa hannu rabbana, saboda haka tun salla na nesa ya kan tara 'yan amshinsa ya ɗora su a kan abin da ya shirya, su yi ta maimaitawa har bakinsu ya zo ɗaya. A ƙauye kuma shekarar waƙa tana bin shekarar gona. Da damina makaɗan noma su ke da fili wurin gayya, in kaka ta yi, rumbu ya cika, sai kalankuwa da dambe da kokawa da bukukuwan aure. Wanda ya ke so ya ji sabon abu, tilas ya kai kansa wurin. In kuwa waƙa ta yi tafiya, to da ƙafa ta yi ta, a bakin makaɗan da suka fita yawon kiɗa, ko fatake, ko 'yan ci-rani, ko 'yan mata da suka ɗauko ta a kasuwar wani gari suka kai dandalinsu. Wadda ta karɓu a ce ana yayinta, in an kwana biyu a yi yayin wata.

Amma fa a lura da wani abu a nan, domin shi ne tushen dukkan maganar. Abin da ke tsaye a waƙar baka shi ne gindinta, watau amshin da a ke komawa gare shi, da karin da aka ɗora ta a kai. Ɗiyan waƙa kuwa a hannun makaɗi su ke, ya ƙara, ya rage, ya gabatar, ya jinkirtar, gwargwadon wanda ya gani a zaune da abin da ya faru a gari a makon nan. Idan Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa bana, ya sake ta baɗi, gindin ɗaya ne, amma wanda aka yi wa zambo bara watakila an shirya da shi, wanda ya yi kyauta jiya kuma ya sami shiga. Haka Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, haka Musa Ɗanƙwairo duk inda ya je. Ashe ke nan kowane zama sabon abu ne, ko da waƙar ta shekara ashirin a bakin mai ita.

Garmaho ne ya fara taɓa wannan tsari. A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙago na'urar ɗaukar murya a Amurka, a 1887 kuma Emile Berliner ya fito da dabarar faifai. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a birnin Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, aka aiko da faya-fayan a sayar a wannan yanki. Faifan wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti, ana murɗa wa akwatin hannu, ana sake allura a kai a kai, in faifan ya faɗi kuma ya fashe. Babban abin da ya shafe mu shi ne fuska ɗaya ba ta cin fiye da kamar minti uku. To, mutumin da ya saba ya kai rabin dare a kan waƙa guda, yaya zai yi da minti uku? Sai dai ya tsinko gindi da ɗiya biyu ko uku, ya bar saura. Abin da ya shiga faifai kuwa ya shiga ke nan har abada, ba gyara, ba ƙari. Daga nan aka fara samun mai sauraro wanda ya san waƙa da ka, kalma bayan kalma, alhali bai taɓa ganin mai ita ba. Sai dai garmaho kayan masu hali ne, attajirai da sarakuna da ma'aikata, don haka bai kai ga talaka sosai ba sai ta hanyar tsayawa a ƙofar kanti ko gidan biki.

Wanda ya kai waƙa har cikin zaure da bukka shi ne rediyo. An fara rediyo mai waya a Ikko a 1935, ya iso Kano a 1944, akwati ne da a ke kafawa a gida ko a dandali, ba a zaɓen tasha, abin da aka aiko shi za a ji. A 1951 aka kafa ma'aikatar watsa labarai ta Nijeriya, aka mai da ita hukuma a 1957, shekarar da BBC ta buɗe sashen Hausa. A Nijar an buɗe gidan rediyo a Yamai a 1958. Sa'an nan a 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata a Kaduna, wanda muryarsa ta gajeren zango ta riƙa kaiwa Nijar da Gana da Kamaru da Cadi har Sudan. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar ƙaramin rediyo mai batir, wanda manomi ke ratayawa a reshe, makiyayi kuma a kafaɗa.

A ganina ba a taɓa yin abin da ya sake matsayin makaɗi kamar wannan ba. A dā ubangida ɗaya gare shi, ko gari ɗaya, yanzu kuwa ya yi waƙa a Kaduna da hantsi, a ji ta a zangon Kumasi da dare. Mamman Shata, mutumin Musawa, da kalangunsa, shi ne ya fi kowa cin moriyar wannan zamani, ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa soja. Ɗanmaraya Jos kuma, da ɗan kuntiginsa, ba 'yan amshi ba taro, murya ce da ta dace da akwatin rediyo kamar don shi aka yi ta. Shirin Zaɓi Sonka ya ba mai sauraro abin da bai taɓa samu ba, watau ya aika da kati ya ce ga waƙar da ya ke so, a gai da wane da wance. Da wannan aka fara gane wadda jama'a suka fi nema ba tare da an tambayi fada ba. Hukuma ma ta gane amfanin abin. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da lokacin komawa tuƙi a hannun dama a 1972, da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, duk da bakin mawaƙa aka yi wa jama'a bayani.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, bai cika kasuwanninmu ba sai cikin shekarun 1970. Ya mayar wa makaɗi da tsawon numfashinsa, tun da fuska ɗaya tana cin minti 30 ko 45. Ya kuma ba kowa ikon ɗauka. Mai biki ya ajiye rikoda gaban makaɗa, mai shago ya kwafa ya sayar, wanda ya saya ya kwafa wa abokinsa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar wannan ciniki. An ji daɗi ƙwarai, waƙoƙi da yawa da sun bi masu su kabari sun tsira ta wannan hanya. Amma makaɗi bai ga ko anini daga mafi yawan kwafin ba, kuma abin da a ke rubutawa a bayan kaset bai wuce sunan mawaƙi ba, wani lokaci ma ba daidai ba. Faifan kamfani aƙalla yana da lamba da tambari da za a bi a kai ga shekara. Kaset ɗin kasuwa ba shi da ko ɗaya.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga mai karatu, ba sai an tsawaita ba. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma a Kano da Turmin Danya a 1990, Sangaya kuma a 1999 ya tabbatar da kiɗan fiyano da a ke haɗawa a ɗakin ɗaukar murya, wanda aka laƙaba wa nanaye. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba aka sami masu sana'ar tura waƙa a bakin kasuwa, daga baya kuma intanet ya ɗauke rabin cinikinsu. A wannan zamani ne aka sami mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da su kan tara waƙoƙi kundi guda su saki a farkon shekara, masoya na jira. A 2020, mutane na kulle a gida saboda annobar korona, waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta game ƙasa cikin 'yan makonni, ba taro ba dandali, sai hotunan rawa da a ke turawa daga waya zuwa waya. Wannan ita ce waƙar da za a iya cewa ta shekara kaza ce ba tare da gardama ba.

Matsalar tana ga abin da ke baya. Yau tsofaffin waƙoƙin Narambaɗa da Jankiɗi da Shata suna yawo a waya tare da na jiya, ba shekara, ba wuri, wani an yanke masa kai, wani an haɗa shi da wani. Ɗalibi ya kan ɗauki ɗauka guda ya rubuta ta, ya kira ta matanin waƙar, alhali zama ɗaya ne cikin zama ɗari. Tun 1957 M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo da matsayin maroƙa, David Ames da Anthony King suka tattara kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, amma aikin sanya wa kowace ɗauka shekararta yana nan da saura mai yawa.

Akwai shaidu a cikin waƙar kanta ga mai haƙurin saurare. Sarautar da aka kira mutum da ita shaida ce, domin wanda aka ambaci Alhaji Ado Bayero a matsayin Sarkin Kano ba zai gabaci 1963 ba. Waƙar da ta yi wa Sardauna Ahmadu Bello addu'ar tsawon rai ta riga 15 ga Janairu 1966, wadda ta yi masa ta'aziyya ta biyo baya. Ambaton jihohi goma sha biyu yana nuna tsakanin 1967 da 1976, Jihar Katsina kuma sai daga 1987. Kuɗi ma shaida ne, amma a yi hattara da shi. In makaɗi ya ce naira, lalle bayan canji ne ko dab da shi. In kuwa ya ce fam, wannan bai isa hujja ba, domin 'yan kasuwa da makaɗa sun ci gaba da lissafi da fam, a kan naira biyu, shekaru da yawa bayan an daina buga shi. Haka kuma dole a rarrabe shekarar da aka ƙagi gindin waƙa da shekarar da aka ɗauki wannan zama nata, gama ɗa guda da aka ƙara a 1975 ba ya hana gindin ya kasance na 1955.

Malaman kwalejojin horon malamai suna da hanyar taimakawa da ba ta bukatar kuɗi. Ɗalibansu daga garuruwa dabam dabam su ke, kuma a garuruwan nan har yanzu akwai tsofaffin 'yan amshi da 'ya'yan makaɗa da waɗanda aka yi bikin a gidansu. Ɗalibin da aka tura hutu da waƙa guda, ya kunna wa irin waɗannan dattawa, ya rubuto wa aka yi wa, a wane gari, a zamanin wane hakimi, da sunayen da aka ambata a ciki da ko su wane ne, ya kawo abin da za a jera gefen sauran ɗauke-ɗauken waƙar a gwada.